Gyaran Mashigar Mota da Kanka: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Gida a Zariya

Duk shekara, da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ɓarnar damina takan bayyana a bakin get. Wani daɓensa ya dare gida biyu, wani intalok ɗinsa, wato 'yan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa, ya lotsa daidai inda taya ke bi, wani kuma rami ne ya buɗe har cikin mota na gugar ƙasa in za a shiga. Ga tambayoyin da masu gida suka fi yi a kan wannan 'yar hanya da ke tasowa daga titi, ta ratsa get, ta kai inda ake ajiye mota. Mafi yawan gyaranta mai gida zai iya da kansa, shi da samarin gidan ko lebura guda. Wanda ya fi ƙarfin gida kuwa, an faɗe shi ƙarara a inda ya zo.

Me ke sa daɓe ya lalace alhali bai fi shekara 2 ko 3 ba?

Ruwa ne, kafin komai. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka, Agusta ya fi kowane wata. Daga nan sai a shafe watanni ba ko ɗigo. Ƙasa ta sha ta ƙoshi ta kumbura, sannan ta bushe ta tsuke. A unguwannin da ke gangaren kogunan Kubanni da Galma, inda ƙasar ke da laka, wannan motsi ya fi tsanani. A kan tudu, inda jar ƙasa da marmara suke, ƙasar na da ƙarfi, amma ita ma in ruwa ya sami hanya ƙarƙashin daɓe zai riƙa kwasarta kaɗan-kaɗan har ya bar kogo.

Kankare yana jure danniya ƙwarai, lanƙwasa ce ba ya so. Muddin ƙasar da yake kwance a kai tana nan daram, ƙaramar mota ba za ta yi masa komai ba ko da za ta shekara 20 tana hawa. Ranar da ƙarƙashinsa ya zama fanko, taya na takawa zai karye. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsagar bana ita ke buɗe wa ruwan baɗi ƙofa.

Don haka kafin ka sayi ko buhu ɗaya na siminti, ka tsaya ka gano inda ruwan ke fitowa. Indararo ne ke zuba a gefen daɓen? Ruwan wankin mota ne ke kwanciya? Bututun famfo ne ke yoyo a ƙasa? Ko kwatar bakin titi ce ta toshe take amayo ruwa cikin gida? Wanda ya yi faci bai magance wannan ba, baɗi war haka zai koma shagon siminti.

Bayan ruwa sai yadda aka yi aikin tun farko. Sau da yawa tifa ce ke juye ciko da yamma, a baje shi da shebur, washegari a zuba kankare a kai ba a danne ba. Ga ƙwauron siminti, ga daɓe mai kaurin yatsu biyu a wurin da mota za ta hau.

Ta yaya zan san gyaran nawa ne ko sai an kira gwani?

Ɗauki guduma ko guntun rodi ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa. Inda ya zauna a kan ƙasa, ƙarar a toshe take fita. Inda ƙasa ta gudu za ka ji amo, sai ka zagaye wurin da alli ko gawayi. Sannan ka ɗora miƙaƙƙen katako a kan tsagar. Idan ɓangarorin biyu suna daidai da juna, matsalar ta sama ce. Idan ɗaya ya yi ƙasa, to ciko ne ya zauna, sai an fasa an gyara daga tushe. Duka biyun kana iya yi in wurin ba shi da faɗi sosai.

Amma ka ajiye guduma ka nemi masani idan tsagar ta haura jikin katanga ko bangon ɗaki, ko kuma lotsawar tana kusa da sokawe, ko rijiya, ko inda aka taɓa yin masai. A cikin birni da tsofaffin unguwanni ba abin mamaki ba ne a tarar gida na zaune a kan kududdufi ko tsohuwar rijiya da aka cike tun zamanin kakanni. Irin wannan wuri in ya fara nitsewa ba wanda ya san zurfinsa, kuma maganar rai ake yi. Zariya ba ta rasa injiniyoyin gini ba, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, duk suna yaye su. Abin da za ka ba ɗaya ya zo ya duba bai kai kuɗin tayar da katangar da ta faɗi ba.

Haka nan in fiye da kashi ɗaya cikin uku na daɓen ya farfashe, faci asara ce. A fasa a sake.

Wane lokaci ya fi dacewa da aikin?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa na da sauran danshin da ke sa ta dannu, rijiyoyi kuma ba su ja baya ba. In hunturu ya kankama, busasshiyar iska na zuƙe ruwan sabon kankare tun bai kama ba, sai ka ga fuskarsa ta yi tsage-tsage. Maris da Afrilu ga zafi ga ƙarancin ruwa, jarka ta yi tsada, shi kuwa aikin nan ruwa yake ci na mako guda. In dole sai a lokacin, a kwaɓa da sassafe ko bayan la'asar, a rufe nan take.

Ramin da ya buɗe a tsakiyar damina, ka cike shi da tsakuwa mota ta samu ta wuce, ka jira kaka.

Waɗanne kayan aiki nake bukata?

Diga, shebur, baro, kwanon sarki, cokalin gini, guduma da kurfi, igiya, tef na awo, miƙaƙƙen katako, da tsintsiyar kwakwa. Sai abin danne ƙasa. Shi wannan kana iya haɗawa a gida: ka cika babban gwangwanin fenti da kankare, ka kafa sanda mai kauri a tsakiya, ka bar shi ya kwana uku. Giranda, wato injin yanka kankare, da injin danne ƙasa ba sai ka saya ba, ana bayar da su haya, kuma maƙwabci mai gini yakan ara maka.

Wane siminti zan saya, kuma yaya ake gane yashi mai kyau?

Dangote ne, BUA ne ko Ashaka, duk suna aikin. Abin dubawa shi ne lambar da ke jikin buhu: 32.5 ko 42.5. Mai 42.5 ya fi ƙarfi, shi ya fi dacewa da inda mota ke hawa. Mai 32.5 ma yana yi in an kiyaye awo aka kuma yi haƙurin ban ruwa. Ka taɓa buhun kafin ka biya. In akwai dunƙulen da yatsa ba ya murƙushewa, ya sha danshi, ka bar musu kayansu. A gida kuma ka ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada kuma ka sayi wanda zai wuce wata 3 a ajiye.

Yashi ne inda aka fi cutuwa. Na kankare shi ne mai kaushi na kogi, wanda masu tifa ke kira shaf san. Mai laushi na filasta ne. Gwajinsa ba wuya: zuba yashi a farar kwalba ya kai tsayin santimita 10, ka ƙara ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye ya kwana. Yashin zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In kaurin lakar ya doshi santimita 1, wannan yashi zai kashe maka siminti, domin laka na lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Ka yi gwajin da ɗan abin da ka ɗebo kafin tifa ta juye a ƙofar gidanka.

Tsakuwa kuma fasasshen dutse mai girman kusan milimita 20, wanda ake ce wa tiri kwata. In da ƙura ko ƙasa a jikinta a watsa mata ruwa.

Nawa-nawa ake awon?

Siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhu mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne, ke nan buhu guda zai ci kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Da kwano za ka auna, a shafe bakinsa. Awon shebur ba awo ba ne, don shebur ɗin safe da na azahar ba ɗaya suke ba.

Ruwa kada ya wuce jarka guda mai lita 25 a kowane buhu, in yashin da danshi ma a rage. A nan ne za ku yi ja-in-ja da lebura, domin kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin juyawa da bajewa. Ka tsaya a kan bakanka. Ruwan da ya wuce bukatar siminti bushewa zai yi ya bar ƙananan ƙofofi a cikin kankaren, shi ya sa wani daɓen ke zubar da gari in an share shi. Kwaɓi mai kyau in ka tara shi da shebur zai tsaya, ba zai malale ba.

Don lissafin saye: wuri mai faɗin murabba'in mita 10 da kaurin santimita 10 yana cin buhu 6 zuwa 7. Mashiga mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 za ta ci wajen buhu 12. A juya siminti da yashi a bushe har launinsu ya zama ɗaya, a sa tsakuwa, sannan ruwa. Kada a kwaɓa fiye da abin da za a zube cikin rabin awa, wanda kuma ya fara sandarewa ba a farfaɗo da shi da ƙarin ruwa.

Tsaga ce kawai, daɓen bai lotsa ba. Yaya zan toshe ta?

Wadda ko reza ba ta shiga, ka ƙyale ta, ka dai riƙa lura. Wadda ta fi haka, ka buɗa ta da kurfi ko giranda zurfin kusan santimita 2, domin siminti ba ya shiga matsattsen wuri ya zauna. Share ƙurar tas, ka wanke, ka bar wurin da danshi amma ba ruwa kwance. Dama siminti zalla da ruwa ka shafa a ciki, tun bai bushe ba ka cusa kwaɓin siminti 1 da yashi 3, ka danna da bakin cokali, ka shafe.

Akwai tsagar da ke motsi, ta buɗe da rani ta tsuke da damina. Za ka gane ta in ka yi alama da fenti ka auna faɗinta yau, ka sake aunawa bayan wata guda ko biyu. Ita wannan ko sau nawa ka cusa mata siminti zai sake darewa. Abin da take so mai laushi ne da ke bin motsinta. Shagunan kayan gini na sayar da man toshe tsaga a bututun matsawa. Ka nemi wanda aka rubuta na kankare ne, ba silikon ɗin gilashi ba. Narkakkiyar kwalta ma tana yi, sai dai ƙunarta mugu ce, a nisanta yara daga wurin.

Wani sashe ya karye ya nitse. Daga ina zan fara?

Wannan shi ne babban aikin, kuma rabinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, inda ba wanda zai gani ya yaba maka.

Zana murabba'i da alli ya kewaye duk inda ya yi amo, ka ƙara kamar taƙi guda ta kowane gefe har ka shiga lafiyayyen daɓe. Kafin diga ta sauka, ka tuna ko bututun ruwa ko wayar fitilar get ta bi ta wurin. Yanke gefen a tsaye cak. Gefen da ya zo a kwance yana siririncewa shi ne ke fara ɓarewa, don siminti mai kaurin farce ba ya ɗaukar taya.

Kwashe ɓaraguzan, ka ci gaba da haƙa har sai ka bar ƙasa mai taushi ka taɓo mai tauri. In ka tarar da jiƙaƙƙiyar ƙasa da rani tsaka, akwai abin da ke yoyo, ka nemo shi. In gidan gara ka tarar, a tone shi duka, a sa magani, domin hanyoyinta ma kogo ne. Leda, tsumma, toka da sharar da aka yi ciko da ita duk a fitar.

Sai ciko da jar ƙasa mai marmara. Kada ka juye gaba ɗaya. Zuba kaurin santimita 10, ka yayyafa ruwa, ka buga har sai abin bugun ya daina barin sawu, sannan ka ƙara wani. Danshin da ake so shi ne in ka dunƙula ƙasar a tafin hannu ta riƙe siffarta ba tare da ruwa ya tsatso ba. Iyayenmu mata masu daɓen ɗaki da tsakuwa da ruwan makuba sun san wannan tun siminti bai zo ba: a yayyafa, a buga da madaɓi, a ƙara, a sake bugawa, ba gaggawa. Ranar cikon nan in ka ga dama ka bar shi ya kwana, da safe ka sake bi.

Ka tsayar da cikon ya rage santimita 10 zuwa saman tsohon daɓe. Shimfiɗa leda mai kauri a kai don kada ƙasa ta shanye ruwan kwaɓin. Jiƙa gefunan tsohon kankare, ka shafa musu damammen siminti. In ka samu farin ruwan haɗi da ake kira SBR ka zuba a ciki, kamun ya fi kyau. Zuba kankare, ka soka shi da guntun rodi ko'ina, musamman kusurwoyi, don iska ta fita. Ja miƙaƙƙen katako a kai, bakinsa biyu na kan tsohon daɓe, har ya daidaita.

Kada ka barbaɗa busasshen siminti a sama don ya yi sheƙi. Wannan fatar ɓarewa take yi, kafin ta ɓare kuma santsi ne da ita da damina, tsoho ko mai ciki na iya zamewa. In ruwan saman ya janye, ka ja tsintsiya a kai a gicciye ta bar masa kaushi.

In facin ya fi mita 3 tsawo, ka raba shi da layi mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, wato santimita 2 da rabi. Kankare na tsukewa in yana bushewa, dole ya tsage a wani wuri, layin nan shi ke nuna masa inda zai tsage.

Zan iya shafe tsohon daɓen duka da sabon siminti ya koma sabo?

Shafe mai kaurin yatsa ɗaya ba ya kai damina biyu a ƙarƙashin taya. In za a ɗora sabo a kan tsoho, kada ya gaza santimita 5, da 'yar ƙaramar tsakuwa a ciki, bayan an sassare fuskar tsohon an wanke duk wani maiƙo. Tsagar da ke ƙasa kuma za ta biyo sabon ta fito. Ka kuma auna ƙasan get tukuna, kada ka gama ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Kwana nawa zan yi ina ba shi ruwa, yaushe mota za ta hau?

Kwana 7 cur. Mutane da yawa na ɗauka bushewa ce ke sa kankare ƙarfi, shi ya sa suke murna in rana ta buɗe. A gaskiya siminti da ruwa ne ke haɗuwa su zama dutse, kuma haɗuwar na ɗaukar makonni. In ruwan ya ƙafe da wuri, aikin ya tsaya a inda ya kai. A kwana 7 kankare na samun wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ake lissafin ya cika.

Watsa ruwa sau ɗaya da safe ba ya isa a iskar Zariya, kafin hantsi ya bushe. Da zarar saman ya yi taurin da yatsa ba ya lotsa shi, ka rufe da buhun algarara ko yashi, ka jiƙa sharkaf, ka ɗora leda a kai ka danne bakinta da duwatsu. Haka ruwa kaɗan zai wadatar, abin da ke da muhimmanci ga mai sayen jarka. Ka ɗora wa yaro guda alhakin dubawa safe da yamma.

Ƙafa na iya takawa bayan kwana 2, ƙaramar mota bayan kwana 7. Ka nemi inda za ta riƙa kwana tun kafin ka fara, ko ka yi aikin rabi-rabi in faɗin ya isa. A tare wurin da katako saboda awaki da masu babur.

Maigidana yana aiki a wani gari, intalok ɗinmu ya lotsa a layin taya. Ni da yara za mu iya?

Ƙwarai kuwa, Hajiya, wannan ya fi kowane gyara sauƙi, kusan ba ya cin siminti. Kafin ku taɓa komai ki ɗauki hoton wurin da waya, don ku tuna yadda aka jera. Intalok na farko ne ke da wuyar fita: a sa sukundireba biyu ta gefe da gefe a ɗaga a hankali, in ya ƙi a fasa shi a sadaukar. Sauran da hannu za su fito. A cire har a wuce inda ya lotsa da layi biyu, a kankare yashin da ya manne a gefunansu, a jera su gefe.

A kwashe yashin shimfiɗa, a duba ƙasar da ke ƙarƙashi. Ita ce ta zauna, ita za a ƙara wa marmara a buga sosai. Kuskuren da aka fi yi shi ne cike lotsawar da yashi zalla, bayan wata guda ta dawo. Yashin shimfiɗa, ko garin dutse, kada ya wuce kaurin santimita 3 zuwa 4. A ja katako a kai ya daidaita, kada kowa ya taka. A mayar da intalok ɗin ya ɗan ɗara na gefensa tsayi da kamar rabin santimita, a ɗora katako a kai a bubbuga ya sauka. Daga nan a watsa busasshen yashi mai laushi, a share shi ya shige tsakanin, a maimaita bayan mako guda. Wannan yashin na tsakani shi ke ɗaure su, in babu shi kowanne rawa zai riƙa yi.

Ki kuma sa a duba bulon gefe da ke riƙe da su. In ya kwanta ko ya karye, duk jerin zai riƙa buɗewa, shi kam sai an kafa shi da kankare. In za ki sayi sababbi don maye waɗanda suka fashe, ki tafi da guda a hannu, don kauri da siffa sun bambanta. Mai milimita 60 na ƙananan motoci ne, mai 80 na masu nauyi.

Ba ni da kuɗin kankare ko intalok. Ƙasa ce kawai, kuma da damina taɓo take zama.

Ba abin kunya ba ne, kuma tana gyaruwa. Kwashe taɓon da baƙar ƙasar sama, ka zuba marmara hawa-hawa kana bugawa, ka sa tsakiya ta ɗan fi gefuna tudu don ruwa ya gangare. A sama ka baza tsakuwa ka buga ta nitse. Ɓaraguzan bulo na yin ciko mai kyau in an farfasa su ƙanana. In kuɗi sun ɗan samu, ka zuba layi biyu na kankare daidai inda tayoyi ke bi, kowanne faɗin santimita 60, tsakiya a bar tsakuwa. Simintin da zai ci bai kai rabin na cikakken daɓe ba.

Baƙin mai da wasu ke zubawa don kashe ƙura, ina roƙo a daina. Ƙasa yake bi ya gangara, kuma yawancin gidajenmu da rijiya a tsakar gida.

Ruwa na kwanciya a tsakar mashigar. Yaya ake ba ta gangare?

Santimita 2 a kowace mita, daga gini zuwa waje. Mashiga mai mita 6 ke nan bakinta na waje zai yi ƙasa da na ciki da santimita 12. Farar tiyo mai ruwa a ciki, irin ta birkiloli, ta isa ta nuna maka daidaito, sai ka ɗaure igiya ka bi. In gidanka ya fi titi ƙasa, abin da ya faru da mutane da yawa bayan an ɗaga titin unguwa, gangare kaɗai ba zai fitar da kai ba. Sai an yi 'yar kwata a gicciye a bakin get, da murfin ƙarfe, ta kai ruwan inda zai fita.

Zan iya cike kwatar da ke bakin get don mota ta riƙa wucewa?

A'a. Don Allah kada ka yi. Ruwan da ka tare ba ɓacewa zai yi ba, gidan maƙwabcinka zai shiga, ko ya ci titin, ko ya dawo ƙarƙashin daɓen da ka gama kashe wa kuɗi. Unguwa guda kan sha ambaliya saboda mutum ɗaya ya cike mita 3 na lambatu. Haƙƙin maƙwabci ne, haƙƙin hanya ne.

Abin da ake yi shi ne murfin kankare mai rodi, kaurin santimita 15, a yi shi gunduwa-gunduwa yadda mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe kwatar kafin damina. Shi wannan a sama yake, ba ƙasa a ƙarƙashinsa, rodin ne ke ɗauke da motar, don haka a ba wanda ya iya ɗaurin rodi. Sannan daga katangarka zuwa titi ba filinka ba ne. Kafin ka fasa kwatar gwamnati ko ka miƙo gangare cikin titi, ka tuntuɓi KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna.

Shi daɓen cikin gida sai da rodi?

In ƙasa ta dannu, kauri ya kai santimita 10, ƙananan motoci ne ke hawa, ba dole ba ne. Ragar ƙarfe na taimakawa a ƙasa mai laka, tana riƙe tsaga kada ta buɗe. Amma sai an ɗaga ta a kan 'yan duwatsu ta zauna a tsakiyar kankaren. Wadda aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba a kai ba ta aikin komai sai tsatsa.

Saiwar dogon yaro ce ta ɗaga daɓen. In sare bishiyar?

Ni dai ba zan ba da shawarar sarewa ba. Wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ya san darajar inuwa a ƙofar gida, ita kuma bishiya shekaru ta yi kafin ta kai haka. Saiwa guda da ta yi nisa da gindi ana iya yanke ta da zarto, a haƙa siririn rami a zuba kankare a tsaye ya tare hanyarta. Manyan saiwoyin da ke dab da gindi kuwa in aka datse su ta gefe ɗaya, guguwar farkon damina na iya kayar da bishiyar a kan katanga ko mota. Mafita mai sauƙi ita ce a fasa kankaren da ke kewaye da ita a sa intalok. In ya ɗaga bayan 'yan shekaru, a cire a daidaita a mayar.

Akwai abin da zan kiyaye don lafiyata?

Jiƙaƙƙen siminti na cin fata, kuma ba a jin zafin sai ya riga ya yi ɓarna. Sa safar hannu ta roba da takalmin ruwa, kada a bar yaro ya shiga kwaɓi da silifa. In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15 zuwa 20 a wuce asibiti. Ƙurar yankan kankare na taruwa a huhu ba ta fita, don haka a sa takunkumi da tabarau, a jiƙa wurin kafin yanka, a kuma nisanta wayar giranda daga ruwa. Buhu mai kilo 50 a ɗauke shi mutum biyu.

Na gama gyara. Tankar ruwa ko tifa za ta iya shigowa?

A daɓe mai santimita 10, a'a, ko bayan kwana 28. Ƙaramar mota ba ta fi tan 1 da rabi zuwa 2 ba. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, ke nan tanka mai lita 10,000 na ɗauke da tan 10 na ruwa kaɗai, ban da nauyin motar. Shiga ɗaya ta isa ta karya abin da ka yi mako kana ba ruwa. In dole manyan motoci su riƙa shiga gidanka, tun farko a yi kaurin santimita 15 da ragar ƙarfe, a kan ciko mai kauri da inji ya danne. In ba haka ba, tanka ta tsaya a titi a jawo tiyo, tifa ta juye a waje a kwaso da baro a ranar, kada yashin ya kwana ya gangara cikin kwata.